Kwana Huɗun Ainasani a Kujerar Injiniya

Motar Injiniya ba ta gama fita daga ƙofar masana'anta ba, Ainasani ya riga ya yanke shawarar cewa kafin ranar Alhamis zai ninka abin da ake samarwa. Sirri ne, don haka bai faɗa wa kowa ba, in ban da mai gadi, da mai sharar bene, da wasu direbobi biyu da ya tarar suna hutawa a gindin tankin ruwa.

Sunan nan ba daga gida ya zo da shi ba. A wurin aiki aka laƙaba masa, domin ba a taɓa fara yi masa bayani aka kai ƙarshe ba. Ko hanyar banɗaki ka fara kwatanta masa, kafin ka ce ya yi dama ya tare ka da "ai na sani", sannan ya yi hagu. Shekararsa bakwai a ɗakin kula da injuna, kuma aikinsa shi ne ya dubi lambobin da ke allon kwamfuta sau uku a rana, ya kwafe su a takarda. Amma a unguwar ma'aikata, wadda shingen waya kaɗai ya raba ta da masana'antar, abin da ya gaya wa mutane shi ne kwamfutar ko tari ba ta yi sai da izininsa.

Masana'antar ma'adinin litiyam take tacewa, wanda ake yin batirin waya da na mota da shi. A niƙa dutse ya zama gari, a dama shi da ruwa a cikin manyan tankuna shida, a zuba sinadari, a hura iska ta ƙasa. Sai kumfa ta taso ɗauke da ma'adinin a kwashe ta, yashi kuma ya kwanta. Wahalar tana wajen sanin gwargwado, domin dutsen safe daban da na yamma. Wata takwas Injiniya ta yi tana gina manhajar da ke lissafa wannan duk bayan minti biyar: sinadari kaza, iska kaza, ruwa kaza. Tun da aka fara aiki da ita, ma'adinin da a da yake bin yashi ya salwanta ya ragu ƙwarai.

Yanzu an tura Injiniyar can bakin ramin haƙar dutse na kwana huɗu, inda waya ba ta shiga. Kafin ta tafi ta tsaya a kansa ta ce ya kwafi lambobinsa, kada ya taɓa komai, in wani abu ya yi ja ya kira Dattijo, tsohon da ke kula da tankuna. Ta miƙa masa ambulan a liƙe, ta ce kalmar sirri ce a ciki, ba a buɗewa sai wani babban abu ya faru.

"Ai na sani," ya ce.

"Shi ya sa nake maimaitawa," ta ce, ta sake faɗa daga farko.

Abin da ya sa shi gaggawa shi ne ranar Alhamis wakilan wani kamfanin batir za su zo ganin aiki, kuma kowa ya ji cewa Manaja na neman wanda zai naɗa mataimakin Injiniya. Ainasani ya duba hagu da dama a cikin zuciyarsa, bai ga wanda ya cancanta ba sai mutum ɗaya. Ya ɗauki ambulan ya juya shi, ya tambayi kansa ko akwai babban abin da ya wuce a ce masana'anta na tafiyar hawainiya alhali mai ilimi yana zaune. Ya farke.

A cikin manhajar ya tarar da wurin da ake gaya mata abin da ake so. Injiniya ta rubuta abu biyu, yawa da tsabta. Ya ga wannan ruɗa na'ura ne kawai, ya goge tsabta. Ya ga wasu jajayen layuka da suka hana sinadari da iska wuce iyaka, ya ce tsoro irin na masu karatun littafi, ya goge su. Sau uku kwamfutar ta tambaye shi, "Ka tabbata?" A na ukun har ransa ya ɓaci, ya buga madannin da ƙarfi don ta san da wa take magana.

Ba a yi awa biyu ba sai ga Dattijo ya hawo bene yana dafe da gwiwa. Shekara talatin yana kallon kumfa, da yatsa biyu yake murza ta ya gaya maka abin da ke ciki.

"Ɗana, kumfar nan ta canja. Da safe fara ce, yanzu ta koma kalar ƙasa."

"Baba, launi ai ra'ayi ne. Mu nan da lissafi muke aiki."

"To lissafin naka yana da tsakuwa. Taɓa ka ji."

Ainasani ya ƙi taɓawa. Ya juya allo ya nuna masa lambar sikeli, wadda ke hawa kamar ana kora ta. Ya yi masa bayani a hankali, irin wanda ake yi wa mai ciwon kunne, cewa zamanin murza abu da yatsa ya wuce. Dattijo ya goge hannu a wandonsa, ya ce shi dai ya faɗa, ya sauka.

Da aka tashi aiki nauyin abin da aka kwasa ya ninka har da ɗoriya. Kafin Ainasani ya isa ƙofar gidansa ya tsaya a wuri biyar. Na ƙarshe shi ne barandar Tela maƙwabcinsa, inda ya ajiye sabuwar farar rigar aiki ya ce a ɗinka masa MATAIMAKIN INJINIYA a ƙirji, da manyan baƙaƙe, yadda mai raunin ido ma zai karanta daga nesa. Tela ya tambaye shi ko takardar naɗin ta fito. Ya ce tana hanya.

"To in sa zare mai sauƙin warwarewa, ko ka tabbata?"

Karo na huɗu ke nan da aka yi masa wannan tambayar a rana ɗaya. Ainasani ya ce a sa mai ƙarfi, a bi sau biyu.

Matarsa tana guga ya shigo ya zayyana mata komai, har da yadda zai riƙa gaisa da mutane bayan naɗi. Ta saurara har ta gama hannun riga ɗaya.

"Baban yara, matar nan ta ce ka taɓa?"

Ya ce ba ta ce ba, amma a idonta ya ga tana fata.

"Ni dai ka tuna gidan nan na kamfani ne, har ƙusar da kake rataye hularka. In suka kore ka, da ni da yara huɗu ban san a wace kwamfutar za mu kwana ba."

Ranar Talata da hantsi Mai Gwaji ta shigo, matar da ke auna tsabtar kaya a ɗakin bincike. Faranti ne a hannunta, ta dire shi a kan takardunsa. Ta ce shekaranjiya ma'adinin da ke cikin kayan shida ne cikin ɗari, yau bai kai biyu ba.

"In bulo za a buga da shi, ban taɓa ganin yashi mai kyansa ba. Ina taya ka murna."

Ya ce na'urarta ta tsufa, tun kafin a ƙirƙiro lissafin zamani aka sayo ta. Ta nuna masa kusurwar allonsa, inda wata lamba ke ƙiftawa ja wur. Ta ce wannan daga idon na'urar da ke jikin bututu take zuwa, ita kuma bara aka sayo ta, ko ita ma tsufan ne ya kama ta da wuri? Ya ce ai ya sani, yana kan gyara. Ta ɗauki farantinta ta nufi ofishin Manaja, aka ce mata Manaja yana can yana duba fentin duwatsun bakin hanya saboda baƙi, ta dawo bayan Alhamis. Ta kira Injiniya sau tara, wayar ba ta shiga ba, sai ta tura mata saƙonni.

Gyaran bai ɗauki Ainasani minti ashirin ba. A falon baƙi akwai wani dutse mai sheƙi a cikin akwatin gilashi, mafi kyawun da aka taɓa haƙowa, ana nuna wa manya. Ya sa shi a aljihu, ya hau tsani, ya liƙa shi da salatif a daidai idon na'urar. Kafin ya sauko lambar ta koma koriya shar. Ya tsaya yana kallonta, yana mamakin yadda mutane ke ɓata shekaru a jami'a.

Manhajar kuwa ba ta san ƙarya ba. Ta ga dutsen da ke shigowa ya zama mafi arzikin da ta taɓa gani, kuma dutse mai arziki sinadari mai yawa yake so. Jan layin da zai tsayar da ita babu. Ta buɗe famfunan har ƙarshe. Sinadarin mako guda ya ƙare ranar Laraba kafin azahar.

A ranar ce kuma takardar nauyi ta isa hannun Manaja. Ya karanta lamba ɗaya tak, ya zo da kansa har ɗakin injuna, ya dafa kafaɗar Ainasani a gaban mutane, ya ce gobe shi zai yi wa baƙi jawabi, kuma duk abin da ya nema a ba shi. Dattijo ya buɗe baki daga bakin ƙofa, Manaja ya ce yauwa, dama shi yake nema, gobe shi zai tsaya a ƙofar shiga yana raba wa baƙi hular kwano.

Abin da Ainasani ya nema shi ne sinadari, Mai Sito kuma ya ce motar da ke kawo shi sai Juma'a. Ainasani ya zagaya siton yana tunani. Mene ne aikin sinadarin? Kumfa. Me kuma ke kumfa? Idonsa ya faɗa kan duro takwas na ruwan sabulun da ake wanke tifofi da shi. Mai Sito ya tambaye shi ko tankunan ne suka yi dauɗa. Ya ce a kimiyyance duk kumfa 'yan uwan juna ne, suna ne kawai ya bambanta. Mai Sito ya ce madalla, ya sa shi ya sa hannu a wuri uku, ya kuma kira mai gadi ya zama shaida.

Ranar Alhamis da safe, yayin da Dattijo ke can ƙofa yana jera huluna, Ainasani ya juye duro takwas ɗin a ma'ajiyar sinadari. Ya wanke hannu, ya sa sabuwar rigar. Tela ya cika alkawari, rubutun ya taso daga wannan hammata zuwa waccan. Tun jiya ya gayyaci unguwa, don haka bakin shingen waya ya cika da mata da tsofaffi, Tela har da kujerarsa.

Baƙin su uku ne, shugabarsu wata dattijuwa mai tabarau, marar yawan magana. Aka hawo da su ɗakin injuna. Ainasani ya tsaya ya ba babbar tagar gilashin da ke kallon tankuna baya, ya gyara murya. Ya ce Injiniya ta yi iya ƙoƙarinta, ba za a raina mata ba, amma manhaja kamar doki take, sai ta ji mahayi. Ya ce a kwana uku ya yi abin da aka kasa a wata takwas. Yana magana ya ga idanun baƙin suna ƙara buɗewa, ya ga bakin Manaja ya saki. Bai taɓa sanin jawabinsa na da irin wannan tasirin ba, sai ya ƙara murya.

Dattijuwar ta ɗaga yatsa ta nuna bayansa. "Wannan ma yana cikin tsarin?"

Ya waiwaya. Tankunan babu su. Inda suke wani farin tsauni ne ke tasowa, ya shanye matakala, ya shanye bututu, yana lasar gindin tagar.

"Ƙwarai kuwa, ranki ya daɗe. Matakin ƙarshe ke nan."

Ta shaƙi iska, ta ce shekara ashirin tana zagaya masana'antu, yau ta fara jin litiyam mai ƙamshin lemon tsami.

Ya matsa wajen kwamfuta da murmushi, wai zai ɗan rage. Manhajar ta ga kumfa na hauhawa, ita kuma abin da ya gaya mata yawa ne, don haka ta ƙara iska. Da ya taɓa sai ta nemi kalmar sirri. Ya laluba aljihu. Takardar da ya ciro daga ambulan tana aljihun tsohuwar rigar, shi kuma bai taɓa haddace ta ba, kullum kwafa yake yi. Ya gwada abin da ya tuna, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya juya baya ya kira matarsa a waya, yana magana ƙasa-ƙasa, duk da cewa ɗakin ya yi tsit har ana jin muryarta.

Ta ce tsohuwar rigar tana cikin bokiti tun asuba, tunda ya ce ya gama da ita har abada. Ya ce ta je da gudu ta duba aljihu. Aka jira. Kumfa ta rufe rabin taga.

"Na samu, amma ta zama dunƙule. Akwai wani abu kamar bakwai, ko kuma ƙugiya ce."

Ya gwada bakwai. Kwamfutar ta ce an yi kuskure sau uku, ta kulle na awa ɗaya.

Daga nan abubuwa suka daina bin layi. Kumfa ta turo ƙofar ƙasa ta fito fili, ta haɗiye duwatsun da aka yi wa fenti, ta haɗiye tukwanen furanni, ta kai motar baƙi har madubi. Manaja ya sauka da sauri zai ba da umarni, ƙafarsa ta taka matakalar farko, sauran goma sha ɗayan ya sauke su a zaune. Iska ta taso ta riƙa yankar kumfar guntu-guntu, kowane kamar katifa, tana tsallakar da su shinge. Da farko 'yan kallo sun yi tafi, sun ɗauka shirin ne. Sai guntun farko ya sauka a kan shanyar matar wani direba, ya narke, ya bar taɓo mai yashi a kan fararen zannuwan gado. Tafin ya tsaya. Duk igiyar shanya da ke unguwar ta samu rabonta, Tela kuma da bai tashi da wuri ba sai hularsa kawai ake gani.

Dattijo yana tsaye a ƙofa da sauran huluna a hannu. Manaja ya rarrafo ya ce masa ya yi wani abu mana.

"Yallaɓai, da lissafi ko da hannu?"

Manaja ya ce da ko mene ne. Dattijo ya ajiye hulunan a tsanake, ya naɗe ƙafar wando, ya kutsa cikin kumfar har ya ɓace, ya ja babban makunnin wuta. Injuna suka yi shiru. Da ya fito, fari fat kamar an shafe shi da alli, yana riƙe da dutse mai sheƙi da salatif na reto a jikinsa. Ya miƙa wa Manaja ya ce ya tsinci wannan a idon na'ura, ko nasa ne. Mai Gwaji ta zo ta miƙa wa dattijuwar farantin da ta yi kwana biyu tana yawo da shi.

A daidai lokacin motar Injiniya ta tsaya a ƙofa. Da safen ta hau wani tudu waya ta kama, saƙonnin Mai Gwaji suka shigo a jere, ta juyo. Ta fito ta dubi filin, ta dubi rubutun da ke ƙirjin Ainasani, ta karanta shi a hankali har ƙarshe.

Ya riga ta magana. Ya ce manhajar ce ta haukace, dama ya daɗe yana zargin akwai kuskure a gininta, shi ƙoƙarin ceto ya yi. Ta ce to bari a tambaye ta. Aka mayar da wutar ɗakin sama, ta shiga da nata mabuɗin, ta ce manhajar tana ajiye tarihin duk abin da aka taɓa. Firinta ta ce babu takarda. Ainasani, da hannunsa ya saba, ya buɗe durowa ya zuba mata kafin ya tuna abin da za ta buga.

Shafi huɗu ne. Injiniya ta karanta a tsaye a gaban baƙi da Manaja da ma'aikatan da suka cika matakala: ranar Litinin, minti shida bayan fitarta, an buɗe, an goge tsabta, an goge iyakar sinadari, an goge iyakar iska, an tambaya ko an tabbata, an ce e, an ce e, an ce e. Dattijuwar ta roƙi a ba ta kwafi, ta ce tana koyar da sababbin ma'aikata, kuma misali irin wannan ba a samunsa a littafi. Ta ce za su dawo bayan wata guda, in an gama wanka.

Manaja ya so korarsa nan take. Dattijo ne ya ce a dubi yara huɗu, Injiniya kuma, da ta ji labari a bakin ma'aikata, ta tuna wa Manaja, cikin ladabi, wanda ya dafa kafaɗar wa a ranar Laraba. Aka tsaya a kan cewa zai bar ɗakin injuna, a ba shi tiyo da buroshi, ya fara da tankuna shida.

Da la'asar ya doshi gida yana shirya yadda zai bayyana cewa an mayar da shi sashen ruwa. Bai samu dama ba. A ƙofar gidansa bokitai ne a jere har bakin barandar Tela, kowanne cike da wankin wani gida, masu su na tsaye sun harɗe hannu. Matarsa ta riga ta ajiye masa kujera 'yar tsugunno a gindin famfo, da babban baho.

Ya zauna. Ya jawo zanin gadon matar direba, ya auna nauyinsa a hannu, ya dubi ruwan, ya fara gaya wa Tela cewa yawancin mutane ba su san gwargwadon sabulun da zani irin wannan ke buƙata ba, alhali abu ne na lissafi. Ya miƙa hannu zai ɗauki kwalin.

Matarsa ta riga shi. Ta ɗauke ta soke a ƙugunta.

"Kai dai cuɗa, Baban yara. Sabulun ni zan zuba."